Bangon da Na Sa wa Siminti

Ban rushe cocin kan tudu da gayya ba, kuma ban taɓa shiga addinin Kirista ba. Waɗannan su ne ƙarairayi biyun da ake yawo da su a kaina tun daga tungarmu har Wara, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutum ɗaya yakan faɗi duka biyun a zama ɗaya bai ji kunya ba. Da safe ni ce wadda ta tsani Kiristoci har ta kayar musu da ɗakin ibada. Da yamma ni ce wadda boko ya lalata har ta koma yi wa coci kwalliya. Shekara bakwai ina ji ina yin shiru, ba don haƙuri ba, don ba ni da shi, sai don na raina masu faɗa. Amma shekaranjiya, Bilki, kin dawo daga bakin ruwa kina kuka, kin ce yara sun kira ki ɗiyar mai rushe ɗakin Allah. Shekararki shida, ba za ki gane ba yanzu. Shi ya sa na juya bayan littafin da nake shirya darasi a ciki, zan rubuta miki yadda abin ya faru, da laifina da na kowa, ki karanta ran da kika yi hankali.

Cocin ya girmi Babana, ya girmi duk wani mai rai a tungarmu. Ba wanda ya san shekarar da aka gina shi, kuma duk wanda ya faɗa miki shekara ƙirƙira ya yi. Abin da tsofaffi suka yarda a kai shi ne wani Fada Bature ya hauro Kwara cikin jirgin ruwa, ya sauka a tsohon ƙauyen da yanzu ke ƙarƙashin tafki, wasu gidajen Kambari manoma suka bi shi. Su suka ɗauko duwatsu a ka zuwa saman tudu, suka jera su da laka, suka yi ɗaki ɗaya mai ƙofa ɗaya da taga ɗaya a bangon gabas. Bai fi zauren mai unguwa girma ba. Da aka datse kogi ruwa ya taso, aka kwashe mutanen ƙauyen. Kiristocin suka bi gonakinsu can cikin tudu nesa da ruwa, mu masunta aka zaunar da mu a sabuwar gaɓa. Ruwa ya cinye gidaje da rumbuna da kaburbura, ya zo gindin tudun nan ya tsaya. Ran Lahadin ƙarshe kafin su tashi, da yake ba a ɗaukar kabari a ka, sai suka kwaɓa laka suka shafe bangon gabas ta ciki, kowa ya danna tafin hannunsa, manya da yara, don a san an taɓa zama a nan. Mutum ɗaya ya ƙi tafiya, shi ne Baba Bitrus, malamin cocin, shi da matarsa Saratu. Ya yi bukka a gefen ginin ya zauna. Saratu ta rasu ina firamare. Daga nan ba shi da hotonta, ba shi da zanenta ko ɗaya, don ya rabar. Hannunta da ke jikin bangon nan shi ne abin da ya rage masa, kuma duk wanda ya leƙa da hantsi zai gan shi ya ɗora nasa a kan nata yana addu'arsa.

Za ki tambaya, to mu Musulmi me ya haɗa mu da shi? Ruwa. Tsakanin tungarmu da tsakiyar tafki akwai itatuwan tsohon ƙauye tsaye a ƙarƙashin ruwa, kututture masu tsini da ke tsaga cikin jirgi kamar an sa gatari. Hanya ɗaya ce mai lafiya, kuma masunta sun gano ta da tagar cocin. In kana dawowa ka daidaita jirginka har ka hango kukar da ke bayan tudu ta cikin tagar nan, to kana kan tsohon titin ƙauye, ba abin da zai taɓa ka. In kukar ta kauce daga taga, kai ma ka kauce. Saboda haka duk shekara in baƙin ruwa, wato cikar tafki ta lokacin sanyi, ya ja da baya, kafin damina, tungarmu kan tashi gaba ɗaya a haye tudu a yi wa bangon yaɓe ta waje. Mata su jiƙa kwasfar ɗorawa kwana da kwanaki har ruwan ya yi ja, shi ne makuba. Maza su kwaɓa ƙasa da yankakkiyar ciyawa, su tattake da ƙafa, a shafa da hannu, a bi da makuba. Baba Bitrus ya gasa kifi, Inna da sauran mata su dama fura. Ba mu shiga ciki, shi ma bai taɓa cewa mu shiga ba. In azahar ta yi maza su yi sahu a gindin kuka, shi kuma ya kore musu awaki daga gabansu. Liman da kansa yakan zo, yakan ce maƙwabci ne kuma hanyar abincinmu ce. A haka na tashi na gani, kuma a haka na tsani aikin, don ni ake ɗora wa tulu ana hawa tudu da shi sau ba adadi, makuba ta rine mini hannu mako biyu bai fita ba.

A shekarata ta ƙarshe a sakandare malamar tarihi ta zagaya mana da wani littafi mai hotuna. A ciki akwai wani ɗan ƙaramin coci na ƙasar Turawa, na dutse, shi ma kan tudu, shi ma taga ɗaya. Ta ce ya yi ɗaruruwan shekaru yana tsaye, tun zamanin da ake yaƙi da takobi, kuma har yanzu mutane na zuwa daga nesa don su gan shi. Na ƙura wa hoton ido, na ga namu sak. Ban tambaye ta da me suka gina shi ba, ban tambaye ta wa ke kula da shi ba. Ni kaɗai na yanke a raina cewa siminti ne, don a ganina duk abin da ya daɗe siminti ne, duk abin da ya lalace laka ce. Na dawo gida ina jiran sakamakon jarrabawa daga Sakkwato, ba aikin yi, kaina cike da hoton nan. A lokacin wani ɗan kwangila yana ƙarasa ginin ɗakin shan magani a ƙauyen gaba da mu. Na zauna na rubuta masa wasiƙa da Turancin da nake taƙama da shi, na ce muna da ginin tarihi da ke neman faɗuwa, ya taimaka da abin da ya rage masa. Ba ya neman faɗuwa, ni na ƙara wannan. Mutumin kirki ne, ya aiko da buhunan siminti da suka yi saura, har da magininsa na yini biyu.

Ran da aka sauke buhunan a gaɓa, gidanmu ya cika. Kawu Sale, ƙanen Babana, shi ya fi kowa ɗaga murya, kuma ki riƙe sunansa, za ki sake jin sa.

"Ku ji ɗiyar boko!" in ji shi. "Wagga ita ta san duniya. Shekara nawa muna cuɗa laka awa zanzaro? Bana mun huta, wallahi mun huta."

Inna tana tankaɗe a bakin ɗaki, ba ta ko ɗago ba.

"Ke Hajo," ta ce, "bango shina numfashi awa mutum. Ya sha ruwa da damina, ya fitar da rani. In kin rufe mishi jiki, ƙaƙa za shi yi?"

"Inna, bango ba shi da hanci."

"Ke kam kina da baki. Na gidan ga duka ke anka tara ma."

Aka yi dariya, ni ma na yi, don na ɗauka na ci. Baba yana gyaran taru, sai da kowa ya gama ya ɗago kai.

"Bangon ba namu ba ne," ya ce. "A tambayi mai shi."

Muka haye, ni da Baba da Kawu Sale da magini da samari cike da jirage uku. Ki lura da wannan, Bilki. Ba tambaya muka je ba, don ba a zuwa tambaya da jirage uku da shebur. Baba Bitrus ya fito daga bukkarsa, ya gaisa da kowa da sunansa, ya tsuguna ya buɗe bakin buhu ɗaya ya murza garin tsakanin yatsunsa.

"'Yata," ya ce da ni, "wannan abin naku, yana shan ruwa ya tofar?"

"Ba ya sha sam, Baba. Ɗigo ɗaya ba zai shiga ba."

"To wanda ke tasowa daga ƙasa fa, in tafki ya cika? Ta ina zai fita?"

Na ce masa a ƙasar Turawa akwai irin nasa da ya yi ɗaruruwan shekaru, na gani da idona a littafi. Na faɗa da ƙarfi don samari su ji. Ya dube ni, ya dubi Babana, ya dubi mutanen da suka cika masa tudu. Sai daga baya na gane lissafin da ya yi a tsayuwar nan. Shi mutum ɗaya ne, tsoho, kuma bangonsa a hannun mutanen nan yake tsaye duk shekara. In ya ce a'a ya kunyata ɗiyar abokinsa a gaban jama'a, wa ya san ko baɗi za su hayo?

"To," ya ce. "Amma ciki kada a taɓa mini."

Ba a taɓa ciki ba. Aka kankare tsohon yaɓe ta waje, aka shafe bango huɗu da siminti tun daga ƙasa har sama, sumul, har magini ya zana layi-layi a jiki kamar bulo. Ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Daga tsakiyar tafki kana hango shi fari-fari. Kawu Sale ya ɗaga hannuna sama a gaban mutane ya ce da ni namiji ce da an ba ni sarauta. Mata suka yi guɗa. Duk wanda ke ce miki yau shi ya yi gargaɗi, ki tambaye shi ina ya tsaya ran nan, don ni ina wurin, kuma mutum biyu kaɗai suka yi magana, Inna da mai bangon.

Abin da ban hango ba shi ne ranar yaɓe ta mutu tare da laka. Da baƙin ruwa ya ja a shekara ta gaba, ba wanda ya jiƙa ɗorawa, ba wanda ya haye. Me za a je yi? Siminti ba ya son yaɓe. Ba gasasshen kifi, ba fura, ba sahu a gindin kuka. Tsoho ya zauna shi kaɗai da awakinsa, masunta na ɗaga masa hannu daga nesa suna wucewa. Kuma da yake ba mai zuwa, ba mai shafa bango da hannu ya ji inda ya yi laushi, kamar yadda ake yi da can ba tare da an ma san ana yi ba.

Ga laifina na gaske, wanda ba a faɗa a bakin ruwa don ba wanda ya san shi. Bayan damina ta farko, na fara koyarwa a firamare, Baba Bitrus ya tuƙo ɗan jirginsa ya zo har ƙofar ajina. Ya jira aka tashi tara, ya cire hula.

"Malama," ya ce. Bai taɓa kirana haka ba sai ran nan. "In na ƙwanƙwasa bangon yana amsawa kamar ganga. Ciki kuma yana gumi, ko da rana. Hannayen ƙasa sun fara yin laushi."

"Sabo ne, Baba, bai gama bushewa ba."

"Shekara guda?"

"Haka siminti yake. Kai dai ba ka saba da shi ba."

"Ko za ki zo ki ji da kunnenki?"

Na ce zan zo ran Asabar. Ban je ba. Ba don aiki ba. Na ji tsoron in ƙwanƙwasa in ji abin da ya ji, sannan in dawo in tsaya gaban Kawu Sale da Inna in ce a kankare. Na zaɓi in yi daidai a bakin mutane. Da na je ran nan da guduma, da an fasa simintin bangon gabas kaɗai, da ya sha iska, da hannayen suna nan. Wannan nake ɗauke da shi, kuma ya fi duk abin da suke faɗa nauyi.

Ya faɗi a damina ta biyu, da rana tsaka, bayan ruwan kwana uku, lokacin da farin ruwa, ambaliyar damina, ya kawo tafki har gindin tudu. Muna wanki a gaɓa muka ji ƙara kamar an juye motar duwatsu. Muka ɗaga kai, ba taga. Na bar kayan a ruwa na faɗa jirgin Baba na tuƙa da kaina. Abin da na tarar ba zan manta ba. Simintina yana kwance a ƙasa falle-falle, manya kamar tabarma, ko tsagewa bai yi ba, har layin magini na nan. Abin da ke bayansa kuwa ya koma kunu. Duwatsu sun zube cikin taɓo, rufin kwano ya karkace. Baba Bitrus yana durƙushe cikin taɓon har gwiwa, yana ɗebowa da hannu biyu yana dubawa yana ajiyewa gefe a hankali. Na kira shi sau uku bai juyo ba. Na shiga na fara tonawa kusa da shi. Sai ya riƙe mini wuyan hannu.

"Kada ki taka nan," ya ce. "Nan take."

Muka tona har la'asar, Baba da wasu suka zo suka taya. Laka ce kawai. Ba ya yiwuwa a gane hannu cikin laka jiƙaƙƙiya. Bai zage ni ba, bai ko dube ni da fushi ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Kwana tara bayan haka Kawu Sale yana dawowa da kifi, ba taga da zai daidaita, ya hau kututture jirginsa ya tsage gida biyu. Shi ya tsira da iyo, taru da kifi suka tafi. Tun jikinsa bai bushe ba ya tsaya a gaɓa yana ihu.

"Na faɗa! Tun ran farko na faɗa! Mi ya kai mu bin shawarar mace? Wagga ɗiya boko ya juya mata kai, son Kiristoci ya sa ta kawo muna masifa!"

Mutumin da ya ɗaga hannuna sama. Na fito daga gida ba ko mayafi, na tsaya gabansa.

"Kawu, wa ya ce mun gaji da cuɗa laka kamar zanzaro?"

"Ke! Ni kike ma rashin kunya?"

"Tambaya na yi. Wa ya ɗauki buhun farko a ka?"

Baba ya zo ya ja ni ciki, ya ce ko da gaskiyata ba a yi wa ƙanen uba haka a gaban mutane. Inna ba ta ce ta faɗa mini ba, ko sau ɗaya har ta koma ga Allah, sai dai ta miƙo mini ruwa ta ce in sha. Daga ran nan labarin ya fita hannuna. Da ya isa can cikin tudu wurin dangin waɗanda suka danna hannu, ya riga ya juye, ya zama wai wata malama Musulma ce ta kawo maganin rushe gini ta shafa da gangan. Wata tsohuwa daga cikinsu ta tare ni a kasuwar Yelwa ta ce hannun uwarta na cikin bangon, ta tofar da yawu a gefen ƙafata. Ita ban ji haushinta ba, ta yi asara ta gaske. Haushina na kan mutanen tungarmu, waɗanda suka ci kifin tsohon nan shekara da shekaru, suka yi guɗa ran siminti, sannan da bango ya faɗi suka kafa doguwar gora da tsumma a kan tudu don jiragensu, suka ce magana ta ƙare. Gorar kuwa duk iska sai ta kwanta, jirage nawa suka tsage tun daga lokacin. Ba wanda ya ce a je a tayar da bangon. Sun sami wadda za su ɗora wa, ya ishe su. Ni ma kuma, don kada in yi musu ƙarya su kaɗai, shekara bakwai ban taka tudun ba. Na yi aure, na haife ki, ina wucewa ta gaɓa ina kau da kai.

Daga baya na sami malamar tarihinmu a wani taron malamai, na tambaye ta abin da ya kamata in tambaya tun ina aji. Ta ce ita dai abin da ta karanta, irin waɗancan gine-gine ba siminti a jikinsu, da abin ƙasarsu aka yi su, kuma sun daɗe ne don kowane zamani ana samun masu gyara su da irin abin da aka gina su da shi. Wato abin da Inna ta sani tana tankaɗe. Wato abin da muke yi da tulu da makuba ina ƙunƙuni.

Jiya, bayan kukanki, na ari jirgi na haye. Bango uku na nan, simintin ya kumbura ya rabu da jikinsu, gabas kuwa a buɗe, ciyawa ta fito kan tarin duwatsu. Baba Bitrus ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi fari, 'yarsa Rahila ce ta dawo tana kula da shi. Na yi sallama. Ya karkata kai.

"Hajo ce," ya ce. "Asabar ɗin ta yi?"

Na durƙusa na kasa magana. Ni da ake cewa bakin gidanmu duka ni aka tara wa.

Ya sa Rahila ta ɗauko wani ƙullin tsumma daga cikin tukunya. Ya kwance a kan cinyarsa. Guntun busasshiyar laka ne, bai fi faifai ba, da ɗan ƙaramin tafin hannu a jiki, yatsu biyar cif.

"Bayan kun tafi na ci gaba da tono har wata guda," ya ce. "Wannan kaɗai ya fita da rai, don yana ƙasa kusa da dutsen ƙofa."

"Na wane ne, Baba?"

"Ran Lahadin nan Babanki ne ya yi ta jigilar kayan mutanenmu da jirginsa. Ya zo da ke, kina da shekara huɗu, kina ta kuka sai kin yi abin da yara ke yi. Saratu ta ɗauke ki ta tsoma hannunki ta danna kusa da nata. Innarki ta ce kada a faɗa, kada mutane su yi surutu." Ya shafa guntun da babban yatsa. "Na Saratu nake nema, naki na samu."

Ban san tsawon lokacin da na yi a durƙushe ba. Da na tashi na zagaya bangon arewa na ƙwanƙwasa. Ya amsa kamar ganga. In aka bar shi, wannan daminar ko ta gaba shi ma zai bi ɗan'uwansa, kuma bukkar tsohon tana jingine da shi.

Na dawo gida na gaya wa Babanki abin da zan yi. Ya ajiye kofin shayinsa.

"Hajara, mutane za su yi magana."

"Malam, shekara bakwai suna yi ban ɗaga ko tsinke ba. Gara su yi ina aiki."

Sai ya tambaya ko gudumarsa za ta isa ko a aro ta maƙera.

Hannayen ba za su dawo ba, kada wani ya ruɗe ki da cewa na gyara abin da na ɓata. Na Saratu ya tafi, na uwar tsohuwar nan ta kasuwa ya tafi. Abin da zan iya shi ne wannan. Baƙin ruwa ya fara ja. Yau da safe na jiƙa kwasfar ɗorawa a randa uku, ga su can bayan ɗaki, warinsu ya cika gida. Na je wurin liman na gaya masa, ya ce shi zai fara hayewa. Ran Alhamis zan fara da guduma, in kankare simintina da hannuna daga bango ukun da suka rage, sannan a jera duwatsun gabas da laka, a bar taga daidai inda take, Rahila za ta tsaya cikin jirgi ta faɗa mana in kuka ta shiga taga. Guntun nan zai koma ƙasa kusa da dutsen ƙofa, kuma gefensa zan shafe wuri ɗaya sumul in hana kowa danna hannu, don wurin Saratu ne.

Kafin nan, gobe da sassafe, zan sa mayafina wannan karon, in je ƙofar Kawu Sale in gaishe shi yadda ake gaida ƙanen uba. Sannan in ce masa ƙafafun da suka ɗauki buhun farko su ne za su fara tattaka laka. In ya ƙi, zan koma jibi, in koma gata, har sai ya fito.